Fanshon tsohon soja ba ya rage masa albashin sabon aiki

Abin yana damuna yadda ake yawan cewa a Katsina tsohon soja da ya samu aikin gadi ko tuƙi a kamfani bai cancanci cikakken albashi ba, tunda yana karɓar fansho. Masu wannan ra'ayi gani suke gwamnati ta riga ta ɗauke masa nauyi, ga kuma matasa birjik suna neman aiki. Har wasu tsoffin sojojin ma suna tsoron kada a tsayar musu da fansho idan aka ji sun kama aiki.

Ba haka abin yake ba. Fansho haƙƙin shekarun da ya riga ya yi cikin kaki ne, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ke biyansa, kuma sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a riƙe shi ko a rage shi sai ta hanyar da doka ta yarda. Kama aiki a kamfani ba ya soke shi. Albashi kuwa ladan gumin yau ne, yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki.

A ce tsohon kofur yana gadin dare a wata makarantar kuɗi a Ƙofar Ƙaura, yana kwana a bakin ƙofa cikin sanyin hunturu da fitila a hannu. In makarantar tana da ma'aikata 25 ko fiye, kuma cikakken ma'aikaci ne, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya shafe shi kamar kowa. Dokar ba ta ware masu karɓar fansho ba.