Ƙannena Masu Aikin Katako, Ku Riƙa Duba Bayan Samfefa

Shekaranjiya aka fito da wani teburin maɗaci waje don banish ya bushe, sai ga samansa duk zane, wani a miƙe, wani a murɗe kamar sawun tsutsa a laka. Katako mai kyau, haɗi mai kyau, an kashe kuɗin banish, amma aiki ya tashi a banza. A gefe ga buhun leda cike da samfefa, sabuwa da tsohuwa, mai kaushi da mai laushi, duk a cakuɗe. Saurayin da ke aikin sai dai ya zura hannu ya ɗauko wadda ta zo, ya manna a inji. Ko juya ta bai yi ba balle ya ga lambar da ke bayanta.

Haba ƙannena! Kun tara kuɗi kun sayi inji don sha'awa, kuna ba da Asabar da Lahadinku ga katako, sannan lambar da aka buga muku ƙiri-ƙiri ita ce ba za ku iya dubawa ba?

Lambar nan ita ce girman tsakuwar da ke jikin takardar. Ƙaramar lamba, tsakuwa manya. 40 da 60 na kankare tsohon fenti ne da cin katakon da ya fito daga zarto da kaushinsa. 80 tana daidaita fuska. 120 tana share zanen da 80 ta bari, 150 ko 180 tana share na 120, 220 ta gama. Aikin kowace lamba shi ne goge tabon wadda ta gabace ta, shi ya sa ba a tsallake fiye da mataki ɗaya. Wanda ya tashi daga 60 ya dira a 220 bai cire komai ba, kan tudun kawai ya goge, kwarin yana nan. Hannu zai ji santsi, ido ba zai gani ba, sai an shafa banish. Ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibi. Sauri ya haifi nawa, don dole a kankare banish ɗin a koma 80.

In kun ga harafin P a gaban lambar, ma'aunin Turai ne. Na Amurka ba ya ɗauke da harafin. Har zuwa wajen 220 kusan ɗaya suke, daga nan sai su rabu, P400 ba ta kai 400 ta Amurka laushi ba. Kuma kada a zarce gona da iri: katakon da za a shafa wa launi a tsaya a 180, don in aka goge shi ya yi ƙyalli ba zai sha launin sosai ba. 320 ta tsakanin shafe da shafe ce, da hannu, ba da inji ba. Falawud kuma fatar samansa sau da yawa ba ta wuce rabin milimita ba, ka sa masa 80 a inji, kafin ka ankara ka huda. A fara shi daga 150.

Amma wa zai bi wannan tsari alhali komai na cikin buhu ɗaya? Nan ne abin yake ba ni haushi. Idan faifan 60, wato zagayayyar samfefar da ake mannawa a inji, ya kwana a kan na 220, tsakuwar da ta ɓalle daga gare shi tana maƙalewa a jikin mai laushin. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ta zana da'ira a tebur gaba ɗaya. Gugar juna da suke yi a buhu tana dakushe su tun ba su taɓa katako ba. Gashin bayansu, wanda ke kama tafin inji, yana cika da ƙura, sai faifai ya riƙa tsalle yana fita ana cikin aiki, a ce inji ne ya lalace. Inji bai yi laifi ba.

Ajiya ba ta buƙatar dukiya. Kowace lamba da ambulan ɗinta ko robarta mai murfi, a rubuta lambar da babban alƙalami. In za a yanka babbar takarda, wadda ke zuwa a milimita 230 da 280, a rubuta lambar a bayan kowane yanki kafin a yanka, kuma a yanka ta baya da tsohuwar wuƙa. A kwantar da su a shimfiɗe, a ɗora katako a kai. Da damina takarda tana shan raɓa ta nannaɗe, gam ya saki. Da hunturu ta bushe ta riƙa karyewa. Don haka ba a ajiye ta a kan siminti, ko jikin taga, ko ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa. Bel ɗin samfefa na inji, irin mai faɗin milimita 75 da tsawon 533, ba a rataye shi a ƙusa, yana karyewa a wurin. A rataye shi a guntun bututu mai faɗin santimita 10. Kuma kada a tara bel da yawa, gam ɗin mahaɗinsa yana tsufa, wata rana sai dai a ji fat, ya tsinke. In akwai kibiya a cikinsa, a sa shi ta inda ta nuna.

Wajen saye ma halin ɗaya ne, abin da hannu ya kai. Faifan milimita 125 yawanci huda takwas gare shi, dole su dace da na tafin injinka, in ba haka ba ƙura ba ta da hanyar fita, ta taru ta dunƙule, ita ce ke yin wannan murɗaɗɗen zane. Ga katako, mai tsakuwar aluminiyam oksaid ita ce ta yau da kullum. Baƙar nan da ake jiƙawa da ruwa, ta fenti ce da ƙarfe. Itace mai ƙaro irin maje, ko tsohon fenti, yana son wadda tsakuwarta ke warwatse don kada ta toshe. Fakitin da ake haɗa lambobi daidai wa daida yaudara ce, 80 da 120 za su ƙare, a bar ka da tulin masu laushi. In hamsin za ka saya, goma sha biyar-biyar na 80 da 120, goma-goma na 180 da 220. Araha dai ba ta ado.

Sai rowa. Mutum zai kashe dubbai a data yana kallon bidiyon kafintocin Turai har asuba, amma faifan da ya mutu ba zai iya jefarwa ba, sai ya mayar da shi buhu wai ai ya zama mai laushi. Tsohuwar 80 ba ta zama 120, dakusasshiya ce kawai. Sai a hau danna inji da ƙarfi, zafi ya ƙona katako, ya narkar da ƙananan ƙugiyoyin tafin inji da ke kama faifai. Garin neman ƙiba an samo rama. Nauyin inji da na hannu ya isa, a tafi a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, a yi zane da fensir a goge har ya ɓace, a share ƙura kafin a canza lamba. Ga shi kuma ana sheƙar ƙurar nan ba takunkumi, wasu har da sigari a baki kusa da galan ɗin tina, ruwan tsinka fenti mai saurin kama wuta.

A da, yaron shago kan yi watanni ba abin da ake ba shi sai samfefa da guntun katakon da zai naɗe ta a kai. In ya ce ya gama, oga ya ɗauki aikin ya kai bakin ƙofa, ya karkata shi ga haske, ya shafa da tafin hannu, ya miƙo masa ba tare da ya ce uffan ba. Kowace takarda da gurbinta a akwati, yaro ya san lambarta ko da ido rufe. Yau ga inji, ga faifai kala-kala a kasuwa, ga buhu a ƙarƙashin benci ɓera yana fitsari a ciki.