Kafin Ka Ce "Ai Gado Ne"

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku masu karatun likitanci da kimiyya, da ku da ba kwa kwana da labari sai kun yaɗa shi a intanet.

Da zarar an ce wane ya samu taɓin hankali, abin da ke fara fitowa daga bakinmu shi ne, "Ai gado ne." Shi ke nan, an rufe magana. An yanke wa mara lafiya hukunci, an haɗa da ƙannensa da 'ya'yan da bai ma haifa ba. Wani har ya ƙara da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu faɗin haka sun samu sabuwar madogara, wai kimiyya ce ta tabbatar. Likitocin ƙwaƙwalwar da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan bincike ba haka suka ce ba, kuma bai dace mu ɗora musu maganar da ba tasu ba.

A shekarar 1966 wani matashin likita a Amurka, Leonard Heston, ya fitar da sakamakon aikin da ya yi a jihar Oregon. Ya bi sawun mutum 47 da iyayensu mata ke fama da sikizofireniya, cutar nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da gaskata abin da bai faru ba. Dukkansu an raba su da uwayensu tun suna jarirai, wasu hannaye ne suka raine su. Ya kwatanta su da wasu mutum 50 da su ma ba su tashi a gaban iyayensu ba, amma uwayensu lafiyarsu ƙalau. A rukunin farko mutum 5 sun kamu da cutar, a na biyu ko ɗaya babu. Wannan ya nuna jini yana da hannu a ciki, ya kuma taimaka wajen wanke iyaye mata da aka daɗe ana zargin cewa mugun rainonsu ne ke haukata 'ya'ya. Amma don Allah ku sake duba lissafin. Cikin 47 ɗin nan, 42 ba su kamu da sikizofireniya ba. Mu kuwa biyar ɗin muke gani, mu manta da sauran.

Binciken tagwaye ma abin da ya nuna ke nan. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan komai na ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne. Da gado kaɗai ke yanke hukunci, duk ranar da Hassan ya kamu to Husaini ma ba makawa. Amma ba haka ake gani ba: kusan rabi ko ƙasa da haka ne ke bin ɗan uwansu. A cikin jama'a, wajen mutum 1 cikin 100 ke haɗuwa da cutar a rayuwarsa. Wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ita, haɗarinsa kan kai wajen 10 cikin 100. Ya ƙaru, babu musu, amma 90 ɗin fa?

Ku dubi rayuwar aikin Kenneth Kendler, likitan ƙwaƙwalwa a jihar Virginia. Tun shekarun 1980 yake bin dubban tagwaye, ana zama da su ana yi musu tambayoyi, a bar su shekaru a sake komawa. Ya yi aiki a kan iyalai a ƙasar Ayalan, daga baya ya shiga wani babban bincike a Sin da aka tattara mata fiye da 5,000 masu ciwon damuwa mai yawan dawowa. Abin da ya fito daga aikinsa shi ne, a ciwon damuwa kason gado bai wuce kusan 40 cikin 100 ba, kuma abin da mutum ya gada yana aiki ne tare da abin da rayuwa ta jefo masa, kamar rasuwar makusanci, mutuwar aure ko cin zarafi. A 2005 ya yi rubutu na musamman yana jan kunnen abokan aikinsa cewa a daina cewa an gano "ƙwayar halittar" cuta kaza ta ƙwaƙwalwa, domin babu ƙwaya guda da ke ɗauke da wannan nauyi. Mutumin da ya fi kusan kowa dalilin kambama gado ke nan, amma shi ne ke cewa a bi a hankali.

Yana da hujja, domin fagen ya sha kunya. A 1987 an sanar da gano inda cutar da ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa ke zaune a cikin ƙwayoyin halitta, a binciken da aka yi cikin al'ummar Amish, wasu Kiristoci masu zama a keɓe a Amurka. Jaridu suka ɗauka. Shekara biyu bayan nan, da aka ƙara bayanai, maganar ta rushe. A 1988 aka yi irin wannan shela a kan sikizofireniya, ita ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sai da masu bincike na ƙasashe da yawa suka ajiye gasa suka haɗa bayanansu wuri ɗaya daga 2007 sannan aka fara taka ƙasa mai ƙarfi. A 2014 suka gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da sikizofireniya, a 2022 adadin ya kai 287. Kowane ɗaya tasirinsa ɗan ƙanƙani ne, kuma ni da kai duk muna ɗauke da wasu daga cikinsu. Har yau babu gwajin jinin da zai ce maka wane zai kamu, wane ba zai kamu ba.

Ina roƙonku ku san wani tarihi kuma, ko da ba daɗin ji. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan fanni, Ernst Rüdin na birnin Munich, ya ba gwamnatin Nazi goyon baya a kan dokar 1933 da ta halatta hana masu larura haihuwa da ƙarfin tsiya. An yi wa mutum kusan 400,000 wannan aika-aika a Jamus, daga baya aka kashe dubun dubatan marasa lafiya a asibitoci. Likitoci masu digiri ne suka sa hannu. Abin bai fara da kisa ba, ya fara ne da yarda cewa wasu zuriyoyin gurɓatattu ne. Duk lokacin da ka nuna wani gida da yatsa ka ce a guje su, irin wannan tunanin kake rayawa, ko ba ka yi nufi ba.

Kai ɗalibi mai sha'awar shiga wannan fage, akwai aiki jibge yana jiranka. Wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken nan a kansu 'yan asalin Turai ne, shi ya sa ma'aunin da aka gina daga binciken don ƙiyasta haɗarin kamuwa da cutar ba ya aiki sosai a kan sauran al'ummomi. Amma ka shigo da shirin shekaru, da juriyar ganin abin da ka yi murnar ganowa ya rushe a hannun wani, ka kuma fito ka amsa.

Ke kuma 'yar uwa, ko kai ɗan uwa, da ke kwana da fargaba saboda mahaifi ko yaya na fama da wannan larura, sanin tarihin gidanku abin amfani ne a hannunka. Ka nisanci tabar wiwi, domin an tabbatar tana ƙara haɗarin, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya kuma yake yawan sha. Kada ka yi wasa da barci. Sikizofireniya ta fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30, kuma takan fara da janyewa daga mutane, zargi marar dalili da rashin barci na kwanaki. In ka ga haka a kanka ko a ƙaninka, ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa tun da wuri, ku gaya masa tarihin gida ba ɓoye-ɓoye. Wanda aka fara yi wa magani da wuri ya fi samun sauƙi a kan wanda aka kulle a ɗaki shekara da shekaru don gudun bakin mutane.