Inshorar lafiya ta tsaya a bakin ƙofar asibiti, wa zai biya masu shiga gida-gida?

A layinmu akwai wata baiwar Allah da kowa ke ce wa malamar asibiti, a wani sha-ka-tafi take aiki. In ta tashi daga aiki ba hutawa take ba, sai ta rataya jaka ta bi gidaje, ta auna jinin wannan tsohuwa, ta ɗaura wa wancan yaro ɗan tef ɗin nan mai ja da kore a dantse ta ga ko tamowa ce, ta lallaɓa mai ciki ta je awo, wani sa'in ma sai ta tsaya a soro ta shawo kan maigidan tukuna. Kuɗin adaidaita kuwa daga jakarta.

To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan. Tun 2016 Kano ta yi dokar da ta kafa KSCHMA, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da ta ce inshora dole ce ga kowa, ga asusun kula da lafiya a matakin farko (BHCPF) da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Madalla. Amma duk kuɗin nan asibiti suke bi, sai ka kwanta ciwo ka kai kanka ka miƙa kati. Wadda ta tare cutar tun a tsakar gida fa, wa ya lissafa ta?

Wasu za su ce ai albashi suke karɓa. Wanda aka ɗauka aiki kenan, da yawansu 'yan sa-kai ne, sun gama makarantar koyon aikin lafiya suna ta zaman jira. Masu cewa za a ringa rubuta ziyarar ƙarya a ci kuɗi kuma, wallahi ban musa ba, mun san halinmu, sai dai wannan matsalar sa ido ce, ga masu unguwanni ga kwamitin lafiya na mazaɓa, kowa ya san gidan da aka shiga.

Ni dai ina ganin KSCHMA ta saka ziyarar gida cikin ayyukan da take biya, da farashinta a rubuce, kuɗin ya shiga hannun wadda ta taka da ƙafarta. A ɗauki biro a lissafa nawa ne awon hawan jini sau ɗaya a wata, nawa ne kuma jinyar sati biyu a Asibitin Murtala in ɓarin jiki ya shanye.