Ɗan share fagen da ya cinye mini mako uku

Ni tela ne a Mabera, kuma duk wanda ya san majalisarmu ta bakin mai shayi ya san ba a zama dara da ni a tashi ana dariya. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ɗauka daƙiƙi yaro ɗan shekara 13 ya samu ya yi wa wankin babban bargo. Mai basira ya samu.

Ɗan yayata ne. A hutun Disamba aka turo shi daga Runjin Sambo, wai ya koyi ɗinki ya rage kallon waya. Ya kuwa rage kallon tasa, domin kwana biyu da zuwansa ya koma kan tawa. Ina cikin datse wuyan wani kaftani na leƙa, sai na ga dodanni biyu sun yi cirko-cirko, ɗaya kamar jemagen da ya shekara bai ga abinci ba.

"Kai yaro, mi kaka yi min da data?"

"Pokémon na, Kawu. Da wani ɗan Barazil nika faɗa."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Gem ne na Japan da ya fito tun 1996, yanzu kuma akwai Pokémon Showdown inda za ka haɗa dodanni shida kyauta ka kara da kowa a duniya. Kowane dodo makami huɗu kawai yake ɗauka, sai guzuri ɗaya da za ka rataya masa. Kai da abokin karawarka kowa zai zaɓi abin da zai yi a ɓoye, wanda dodonsa ya fi gudu shi ke fara sara. Shi kuma dokokin zubi na huɗu yake bugawa, na zamanin Diamond da Pearl da suka fito a 2006, saboda a nan ba a nuna maka rundunar abokin gaba kafin a fara, sai a zubin da ya biyo baya aka kawo wannan. Wato dodon da ka fara turawa a makance yake fita, bai san wa zai tarar ba. Irin yaran nan da ake fara sakawa a fagen dambe kafin manya su shigo. Nan take na raɗa masa suna ɗan share fage, na kuma ce ashe dara ce aka yi wa zane. Bakina ne ya ja mini.

Babban aikin ɗan share fage, in ji malamina, shi ne ya zuba abin da gem ɗin ke kira Stealth Rock, mu muka mayar da shi tsakuwa. Da zarar an zuba ta a filin abokin gaba, duk dodon da ya shigo sai ta zabge masa kashi ɗaya cikin takwas na jininsa. Ya ƙara da cewa waɗanda dutse ke yi wa illa abin ya fi haka muni, amma lokacin hankalina ya riga ya yi gaba. Sauran biyar ɗin a cikin minti biyar na zaɓe su, da ido, yadda nake zaɓen tantabara a kasuwa: mai kyan fiffike, mai faɗin ƙirji. Ina kiwon tantabaru, na san tsuntsu mai kyau. Duk tunanina na tara shi kan na farko.

Na ɗauko Forretress, wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallon goruba. Na ba shi tsakuwa. Na ga akwai ƙaya da ake iya shimfiɗawa har hawa uku, na ba shi. Na ga akwai ƙaya mai dafi, hawa biyu, na ba shi. Gurbi na huɗu na sa garkuwa. Lissafina na ɗan dara ne: zagaye shida in gama shuka, daga nan duk wanda ya taka filin sai dai a kwashe shi. Ko makamin duka ɗaya ban sa ba, don a ganina duka aikin marasa dabara ne.

Yaro ya turo jemagen nan nasa, Aerodactyl, ya danna wani abu wai Taunt. Gori ke nan. Dodon da aka yi wa gori zuciya ke ɗebarsa, ya ƙi yin komai sai duka, aƙalla zagaye uku. To nawa ba shi da abin duka. Maɓallaina huɗu suka dushe, wani guda ɗaya ya fito wanda ban taɓa gani ba, Struggle, shure-shure dai, kuma duk shuri ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu na jinin mai yinsa yake ci.

"Kawu, kana iya janye shi ka saka wani."

"Namiji ba ya ja da baya."

Gorin na sakinsa ya ƙara masa wani. Haka na zauna ina kallon ƙwallon gorubata tana buga kanta da ƙasa har sau huɗu ta mutu, ko tsinke ba a ɗaga mata ba. Da ma an ce shure-shure ba ya hana mutuwa. Ban san yana kawo ta ba sai ran nan.

Na kori Forretress a daren. Na ɗauko Azelf, wani ɗan mitsitsin aljani shuɗi mai gudun tsiya. Na koyi rabon makin horo, 510 ne duka, ba a zuba fiye da 252 a wuri ɗaya su yi amfani, sai na cika masa gudu da ƙarfin duka. Na rataya masa Focus Sash, wadda na kira laya, domin in dai jininsa a cike yake, duk dukan da aka yi masa sai ya rage da ɗigo ɗaya. Na ba shi tsakuwa, na ba shi gori, don ni ma in ɗana.

Washegari hazo ya sauko sosai, daga ƙofar shago ba ka hango tsallaken titi, 'yan kabu-kabu duk sun naɗe fuska. Muka zauna. Ya turo Tyranitar, wani basamuden ƙadangare, yana shigowa guguwar rairayi ta tashi a filin. Ni kuwa ɗokin gori ya cika ni, na danna. Azelf ya zage shi tas. Shi da ma ba wata dabara ya zo yi ba, cizo ya zo yi, ya kuwa gartsa. Laya ta yi aiki, ɗigo ɗaya ya rage, na miƙe tsaye ina cewa ka gani ko! Ban rufe baki ba guguwar ta ɗebi kasonta, kashi ɗaya cikin sha shida da take ci duk ƙarshen zagaye, Azelf ya faɗi. Ni da aka haifa cikin ƙura, na girma ina karya kumallo da ita duk hunturu, a ce ƙura ce ta kashe mini dodo. Abin da ya tsinana a duniya zagi ɗaya ne.

Daga nan abin ya zama ciwo. Na gano makami na uku, Explosion, a fasa kowa ya rasa: dodo ya tarwatsa kansa da ƙarfin 250 ya tafi da na gabansa. Saura gurbi ɗaya, masu nemansa kuma sun fi biyar. In sa wuta saboda dodannin ƙarfe? In sa ciyawa saboda na ruwa da ƙasa? In sa wanda zai sara ya gudo gida? Duk wanda na ɗauka sai in tuna wani dodon da zai zo ya yi mini dariya. Ina taka keke ina lissafi. Wani bawan Allah ya kawo yadi a yi masa riga mai aljihu biyu, ya zo ya tarar da huɗu, na ce masa sabon yayi ne.

Ashe har cikin barci nake yi. Wata asuba na farka na tarar maiɗakina zaune a bakin gado, ta naɗe hannu, fuskar nan ba annuri.

"Malam, su wa da wa?"

"Su wa kuma?"

"Cikin dare kac ce gurbi huɗu na, ukku sun cika, saura guda. Ni dai na san ni ɗaya ta. Ina sauran biyun sunka hito? Kuma wace ta ta huɗun da ta hana ka kwana?"

Na rantse, na ɗauko waya na nuna mata Azelf. Ta daɗe tana kallon ɗan aljanin nan mai jela biyu, sannan ta dube ni. Na lura hankalinta bai kwanta ba, damuwar ce kawai ta sauya iri. Ran nan kunun da aka ba ni ba sukari.

Gwajin a fasa kowa ya rasa bai ɗauki minti ɗaya ba. Na zuba tsakuwa lafiya lau, karo na farko a tarihi, sai na danna fashewa ina murmushi. Yaro ya janye dodonsa ya turo Gengar. Fatalwa ce, makamin nan kuwa na gama-gari ne, ba ya taɓa fatalwa. Azelf ya tarwatse shi kaɗai a tsakar fili, Gengar na tsaye yana wannan yaƙen nasa mai haƙora talatin da biyu. An fasa, ni kaɗai na rasa.

Sai na koma kan tsohon maƙiyina, jemage. Na ɗauki allin da nake zana yadi na yi lissafi a kan teburin yanka: iyakar gudun Azelf 361, na Aerodactyl 394, shi ya sa kullum yake riga ni yin gori. Amma akwai wani guzuri, Choice Scarf, gyale, da ke ƙara rabin gudu a kan gudu. 361 ya koma 541. Na cire laya na yafa wa Azelf gyale, na ce yau za a ga tsere. Aka fara, na riga shi, tsakuwa ta zuba, na yi kabbara. Shi kuma ya yi gorinsa a makare. Abin da ban karanta ba shi ne mai gyale makamin da ya fara da shi kaɗai zai yi ta yi har ya bar fili. Gyale ya ɗaure ni a kan tsakuwa, gori ya hana ni tsakuwa. Maɓallai suka dushe. Tsohon abokina shure-shure ya leƙo, kamar mai bin bashi.

Ana saura kwana biyu hutu ya ƙare na ce a yi ta ta ƙare a gaban jama'a. Bayan sallar isha'i, majalisar mai shayi, mutum tara, wanda aka ci shi zai sayi shayi da burodi da ƙwai na kowa. Na mayar wa Azelf layarsa. Tsakuwa, gori, fashewa, gurbi na huɗu kuma bayan mako uku na shawara na ba wuta.

Ya turo Swampert, mai nauyin jiki. Na san tsakuwa ya zo zubawa, na yi masa gori, ta ƙi zubuwa. Majalisa ta ce kai! Zagaye na biyu na zuba tawa, ya doke ni, na shanye. Na uku na karanta abin da na sani na danna fashewa. Babu fatalwa. Swampert ya faɗi, Azelf ya faɗi, filinsa cike da tsakuwa, nawa fes. Wutar da na hana kaina barci a kanta ko taɓa ta ban yi ba, amma wa ya damu. Mai shayi ya buga ludayi a tukunya, wani dattijo da bai san ko mene ne ake yi ba ya miƙo mini hannu. Na gyara hula na ce wa yaro ya fara lissafin kuɗin ƙwai.

Bai ce komai ba. Ya turo Heatran, ni kuma na saki Charizard, mai kyan fiffiken nan. Na watsa masa wuta, ya shanye ta kamar fura, ashe ƙara masa ƙarfi take yi. Sannan a hankali, ba gaggawa, ya zuba tsakuwa.

"Kai! Ba ɗan share fage ka zuba ta ba?"

"Wa yac ce dole sai shi, Kawu?"

Na janye Charizard na turo Moltres. Kafin ya buɗe fiffike rabin jininsa ya tafi. Rabi cur. Na ɗauka waya ce ta sami matsala, na goge gilashin da hannun riga. Na turo Articuno, rabi, wuta ta ƙarasa shi. Yanmega, rabi. Sai a lokacin karatun ranar farko ya dawo mini: mai tashi sama dutse na yi masa illa ninki biyu, in kuma ya haɗa da wuta ko ƙanƙara ko ƙwaro, ninki huɗu ke nan, kashi ɗaya cikin takwas ya zama rabi. Ni kuwa garken tantabaru na tara. Gyarados ne mai sa'a, rubu'i kawai ya biya, sai yaro ya tarbe shi da lantarki, abin da unguwarmu ta kwana uku ba ta gani ba. Dattijon nan ya ce, "Wai dara ta ci gida ko?" Aka ce masa ta ci har da maƙwabta.

Ina ƙirga wa mai shayi kuɗi yaron ya matso, baki cike da burodina.

"Kawu, akwai makamin da ka share tsakuwa. Rapid Spin. Awa tsintsiya shike."

"Wane dodo ke da shi?"

"Wanga ƙwallon goruba da kak kora ran farko."

Da safe na fito ba tantabaru hatsi. Na kai hannu zan buɗe musu ƙofa sai idona ya sauka a ƙasa, na ga 'yan tsakuwoyi birjik a bakin akurkin. Na tsaya. Na waiga dama da hagu, na ɗauko tsintsiya na share wurin tas, sannan na buɗe. Ina ɗagowa na ga maiɗakina a ƙofar madafa riƙe da ludayi, yaron na bayanta yana danne dariya da hular sanyi.

"Malam," in ji ta, "in dai har shara ta huɗun ta koya maka, a kawo ta."