Alhaji Troppo Caro

Alhaji: Kai Sani, ajiye littafin nan. Ni za ka koya wa Italiyanci? Tun kana goye nake saro takalma a Napoli.

Sani: Kawu, saro daban, kama haya daban. Ka riƙe uku kawai: affitto kuɗin haya, cauzione kuɗin ajiya, bonifico tura kuɗi ta banki.

Alhaji: Ni guda ɗaya na riƙe, kuma ita ta gina min bene a Gwammaja. Troppo caro! Ya yi tsada!

(Gidan haya suke nema a Italiya. Wannan ce fa mai gida ta farko da ta yarda ta buɗe musu ƙofa. Sauran da sun leƙo sun ga fuskokinsu sai gida ya zama già affittato, wai an riga an kama, alhali ga takardar talla nan manne a bango.)

Mai gida: Buongiorno.

Alhaji: Troppo caro!

Sani: Kawu, gaishe ka ta yi.

Alhaji: Yaro man kaza. Ai tun daga gaisuwa ake karya farashi.

Mai gida: Seicento al mese, più tre mesi di cauzione.

Sani: Ta ce yuro 600 a wata, da ajiyar wata uku, 1,800 ke nan.

Alhaji: Wata uku? Na gidan da ko gyangyaɗi ban yi a ciki ba?

Sani: Haba Kawu, kai da kake karɓar hayar shekara biyu a dunƙule a Kano.

Alhaji: Can ni ke karɓa. Kar ka haɗa min lissafi.

Sani: Dokarsu ta 1978 ta ce ajiya kar ta wuce wata uku. Kuma in ka tashi za ta mayar maka, har doka ta ɗora mata ɗan kuɗin ruwa duk shekara.

Alhaji: A'uzu billahi! Riba? Ni da na je Makka sau bakwai? (Ya gyara zaman hula.) Nawa ne?

Sani: Bai taka kara ya karya ba.

Alhaji: To haramun ne.

(Sani bai gaya masa ba cewa ranar tashi ne bango ke fara neman fenti, a zaftare kuɗinsa daga ajiyar. Wanda ya taɓa bin bashin cauzione ya san zancen.)

Alhaji ya zura hannu cikin babbar riga, ya zaro damin kuɗi ɗaure da roba, ya lashi yatsa.

Mai gida: No, no, niente contanti. Bonifico.

Sani: Ba ta karɓar kuɗi hannu. Sai ka nemi codice fiscale, wato lambar haraji, ka buɗe asusu, ka zuba, sannan ka tura. Ga IBAN ɗinta.

Alhaji: Wannan lambar asusu ce ko laya? Ƙirga min.

Sani: Haruffa da lambobi 27.

Alhaji: Namu na gida 10 ne, kuma kuɗi na shiga. Troppo caro! Ce mata 15.

Sani: Kawu, ba a ragi a lambar banki.

Alhaji: Komai na duniya ana ragi. To 20, don darajar furfurarta. In ta ce albarka mu kama hanya, za ka ga ta biyo mu da gudu. Taso. Kar ka waiwaya!

Suka sauko hawa ɗaya, suka sauko na biyu.

Alhaji: Ta kira?

Sani: Ta rufe ƙofa, Kawu. Har da sakata.

Alhaji: Salon ciniki ne. Rage sauri.