Ranar da surukina ya tura ni duba tsuntsaye

A Maiwurno da ke ƙasar Sudan, idan aka ga magidanci ya tsaya ƙarƙashin bishiya ya ɗaga kai sama shiru, abu biyu ake zato: ko zuma yake nema, ko kuma a fara neman masa rubutun sha. Ni kuwa sai da na shekara biyu ina wannan tsayuwar, tun daga ranar da ƙanena da ke aiki a Jidda ya aiko mini da madubin hangen nesa. Agogo na roƙe shi. Abin da ya ga dama ke nan ya aiko.

Da farko hasumiyar masallaci na riƙa hange da shi, da jiragen ruwan masunta. Wata safiya sai na kai shi kan shamuwar da ke sheƙa a bishiyar gidanmu, wadda nan Sudan ake ce wa simbiriya. Tun ina yaro nake ganinta, na san zuwanta ke nuna damina ta kusa, amma ban taɓa lura cewa fatar fuskarta shuɗiya ba ce, da ɗan ja a gaban ido. Shi ke nan, ciwo ya kama ni. Na sayi littafin rubutu, na sa manhajar gane tsuntsaye a waya, na fara bin bakin kogin Bahar Azrak har kusa da madatsar ruwan Sinnar, wadda Turawa suka gama a 1925. Zalɓe, belbela, kirinjijiya, alhudahuda, cilakowa, duk na rubuta su da rana da wata. Har na gano cewa sunan da masana ke kiran shamuwa da shi, na wani gwamnan Turkawa ne da ya yi mulki a arewacin Sudan, Abdim. Na kawo wa uwargida wannan labari da ɗumi-ɗuminsa tana tsakiyar yin kisira, gurasar dawa ta Sudan. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "To, Ustaz, shi Abdim ɗin zai sayo mana gawayi?"

Abin da zan ba ku labari ya faru ne da kaka, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Bayan sallar isha'i surukina ya aiko a kira ni. Na je na tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa gefen angarib ɗinsa, wato gadon igiya, idona a ƙasa. Dattijo ne marar yawan magana, daga zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma yakan yi magana kamar kowace kalma sayenta yake yi.

Ya ce, "Ustaz, an ce kai ne mai duba tsuntsaye."

Na ce, "Ana dai taɓawa, Baba."

Ya ce, "To madalla. Gobe zan tafi Sinja ta'aziyya. Ka je gona ka duba mini su. Sun yi yawa bana."

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba don murna. Garin nan kaf ana yi mini kallon wanda ya zare, sai ga shi dattijo mafi kwarjini a unguwa ya gane darajar ilimi. Har na ce wa uwargida, "Kin gani ko? Babanki ya fi ki fahimta." Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Har yau ina riƙe da ita a kan wannan fasawar.

Da asuba na saɓa madubi, na ɗauki littafi da ɗan butar jabana ta shan gahawa, na nufi gona. Dawa ta yi kyau, zangarniya ta sunkuya, ƙwaya tana ɗauke da madara ba ta gama ƙosawa ba. Sai na tarar da abin takaici: ƙannen matata biyu a kan wata rumfa mai tsayi, sun ja igiyoyi ko'ina sun rataya gwangwanaye, ɗaya na jijjigawa, ɗaya na wulla hoge da majaujawa yana ihu kamar an taka masa wutsiya. Wane tsuntsu mai hankali zai sauka a nan?

Na ce, "Kai, ku sauko! Baba ne ya turo ni."

Babban ya ce, "Yaya Ustaz, zarzur fa za su zo."

Na ce, "Ai su nake jira."

Suka dubi juna. Na ba su kuɗin shayi na ce su je su huta, yau aikin na masana ne. Ban taɓa ganin yara sun bi umarnin malami da sauri haka ba. Na hau rumfa, na kwance igiyoyin don kada iska ta kaɗa gwangwani, na lulluɓa da tsohon buhu, na yi lamo.

Ba a jima ba sai na hango wani abu kamar hayaƙi ya taso daga wajen kogi. Hayaƙin ya miƙe, ya lanƙwashe, ya dunƙule, ya sake bajewa, sannan ya zubo cikin gonar da wata irin ƙara kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Jan baki ke nan, zarzur ɗin Larabawa. Masana na cewa babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da biliyan ɗaya da rabi, kuma a Afirka kaɗai yake. Ga shi yau a gabana, taku goma tsakani.

Jama'a, tsuntsun nan yana da kyau, a faɗi gaskiya ko da a kan ɓarawo ne. Bai kai tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 20. Na ga maza masu baƙar fuska kamar sun yi amawali, baki ja wur, ƙirji da ɗan ruwan hoda. Na ga mata, wasunsu bakin ya koma rawaya, alamar lokacin sheƙa. Yadda suke ci kuwa abin kallo ne: na baya su tashi su tsallake na gaba su sauka, can kuma waɗanda aka bari a baya su ma su tsallako, garken na mirginawa cikin gona kamar ana naɗe tabarma. Na rubuta shafi uku. Sau ɗaya wata shirwa ta gifta suka watse, na ji haushinta ƙwarai, na yi ta addu'a su dawo. Addu'ata ba ta faɗi ƙasa ba.

Da yake lissafi nake koyarwa, sai na ce bari in ƙidaya. Na ƙirga na kan layi ɗaya, na ninka da yawan layuka, na samu kamar 5,000. Na tuna na karanta cewa kowane ɗaya kan ci wajen giram 10 a yini. Na rubuta: 5,000 sau 10, giram 50,000, wato kilo 50. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar yadda nake koya wa ɗalibai, ina jin daɗin yadda lissafin ya fita babu saura. Kilo 50 na dawa a yini.

Sai alƙalamin ya tsaya. Dawar wa?

Na yi wurgi da buhu na miƙe ina ihu. Na ja igiya, na tarar ni da hannuna na kwance ta. Na ɗauki majaujawa, abin da rabona da shi tun ina ɗan shekara 10, na juya ta sau uku na saki, hogen ya tashi ya fasa butar jabanata. Na diro daga rumfa, jallabiya ta maƙale a ƙusa ta yage har cinya. Haka na shiga cikin dawa ina tafi, ina "Hai! Hai!", madubi na dukan ƙirjina. Zarzur suka tashi daga gabas suka sauka yamma. Na ruga yamma, suka koma gabas. Ai sun riga sun san ni, awa uku muna zaune lafiya.

Ana cikin haka na ji gyaran murya. Surukina ne tsaye a bakin gona da sandarsa, motar Sinja ba ta samu ba. A bayansa ga yaran nan biyu, kowanne na kallon ƙasa, kafaɗunsu na rawa.

Na durƙusa ina tattare yagaggiyar jallabiya. "Barka da hantsi, Baba."

Ya dubi zangarniyoyin da suka koma fari fat kamar an sussuke. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ka duba su, Ustaz?"

"Na duba, Baba."

"Guda nawa ne?"

"Kamar dubu biyar, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Duk sun samu?"

Ban amsa ba. Ya miƙo hannu, na zaci gaisawa za mu yi, ashe madubin yake nufi. Ya kara a ido ta baya, ƙaramin yaron ya juya masa shi daidai. Ya hangi wajen kogi ya ce, "A'a, ga wasu can tafe. Ku hau rumfa." Tun daga ranar madubin ya zama na gona, da shi yaran ke hango garke tun daga nesa su fara kaɗa gwangwani.

Da aka yi girbi ya aiko mana da buhu ɗaya maimakon biyun da ya saba. Ɗan aiken ya ce Baba ya ce wannan na 'yarsa ne, nawa kuwa baƙina sun karɓa tun da kaka. Madubin yana nan rataye a ƙusa saman angarib ɗinsa. Duk lokacin da na je gaisuwa ina ganinsa ta wutsiyar ido, kuma har yau ban sami bakin tambaya ba.