Kafin Ku Raba Dare Kan Gardamar Ruhi, Ku Duba Nafsinku

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata na Kaduna.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun matasa, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har ɗakunan ɗalibai a Poly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna: shin ruhi da nafsi abu ɗaya ne ko biyu? A ina ruhi yake zaune a jiki? Wa ke fita yawo idan mutum yana mafarki? Tambayoyi ne masu kyau, kuma ina murna da matashin da ke yin su. Damuwata ita ce a raba dare ana musu kan abin da aka ɓoye mana, a tashi a bar wanda aka ɗora mana, har sallar asuba ta wuce mutum yana barci.

Mu fara da ruhi. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shi, sai amsa ta sauka a Suratul Isra'i, aya ta 85: ruhi yana daga al'amarin Ubangijina, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Ɗan abin da muka sani shi ne wanda aka sanar da mu. Duk wanda ya yi Islamiyya ya haddace hadisi na 4 cikin Arba'una, na Abdullahi ɗan Mas'ud: kwana 40 ɗigon maniyyi, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya hura ruhi. Kwana 120 ke nan. Ba a yi shawara da kai ba ranar da aka hura shi, ba kuma za a yi ba ranar da za a karɓe shi. Kuma ku kiyaye, inda Allah Ya ce Ya hura wa Annabi Adamu daga ruhinSa, malamai sun bayyana cewa jinginawa ce ta girmamawa, kamar yadda ake cewa Ɗakin Allah. Ruhi halitta ne. Duk wanda ya ce muku a cikin kowane mutum akwai wani yanki na Ubangiji, ku bar masa maganarsa.

Nafsi kuwa, Alƙur'ani bai taƙaita bayaninta ba, ya zayyana mana halinta filla-filla. A Suratu Yusuf, aya ta 53, an ce mai yawan umarni da mummuna ce, sai wadda Ubangiji Ya yi wa rahama. A farkon Suratul Ƙiyama Allah Ya yi rantsuwa da nafsi mai yawan zargin kanta, wato wadda idan ta yi laifi ba ta samun sukuni. A ƙarshen Suratul Fajri kuma aka kira natsattsiya, aka ce ta koma ga Ubangijinta tana mai yarda, abar yarda. Ba rayuka uku ba ne a ƙirjin mutum ɗaya. Rai ɗaya ne mai sauya hali, kuma sau da yawa a wuni guda mutum kan ɗanɗani biyu daga ciki.

To, abu ɗaya ne ko biyu? Manyan malamai ma sun saɓa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya karkata ga cewa zati ɗaya ne, sunan ne ke bambanta gwargwadon siffa. Suratuz Zumar, aya ta 42, tana ƙarfafa hakan, domin nafsi ta ambata a matsayin abin da ake karɓa lokacin mutuwa da lokacin barci, wato abin da muka saba kira ruhi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya jero zuciya da ruhi da nafsi da hankali, ya ce kowanne yana da ma'ana biyu, kuma dukkansu suna haɗuwa a ma'ana guda: wannan ɓoyayyen abu da ke cikin mutum, mai sani, wanda ake wa magana kuma ake wa hisabi. Malaman tasawwufi da dama sukan raba su, su ce ruhi sama yake ja, nafsi ƙasa. A garin nan muna da 'yan Izala muna da 'yan ɗariƙa, mun saurari tafsirin ɓangarorin biyu a Rediyon Kaduna tun muna yara. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce a sakar wa nafsi mara ta yi yadda ta ga dama ba.

Masana falsafa su ma sun yi nasu ƙoƙarin. Aristotal ya ce tsiro yana da rai mai ci da girma, dabba ta ƙara da ji da motsi, mutum ya ɗara su da hankali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya ce a ƙaddara mutum an halicce shi yanzu-yanzu yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Duk da haka zai san cewa akwai shi. Da wannan ya kafa hujjar cewa mutum ba gangar jiki ce kaɗai ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma a nan ta tsaya, ba ta faɗa maka abin da za ka tarar a kabari ba. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Tasha da Narayi su ma littafinsu ya ambaci ruhu da rai da jiki a jere, kuma malamansu sun daɗe suna tattauna ko mutum kashi biyu ne ko uku.

Ga inda nake so mu tsaya sosai. Ko ka bi masu cewa ɗaya ne, ko masu cewa biyu, hukuncin da ke kanka bai canza ba. Haƙiƙanin ruhi ba a ɗora maka saninsa ba. Gyaran nafsi kuwa wajibinka ne, kuma a Suratush Shamsi, bayan jerin rantsuwa, aka ce wanda ya tsarkake ta ya rabauta, wanda ya turbuɗe ta ya taɓe.

Shi ya sa gabana ke faɗuwa idan na ji yaro ya ce, "Haka raina yake so," kamar ya kawo hujjar da ba a ja da ita. Ɗan uwana, wannan muryar da ke ce maka ka ƙara buga caca sau ɗaya ko ka mayar da kuɗin da ka yi asara, wadda ke ce maka kwalba ɗaya ba komai ba ce, ba ita ce ainihin kai ba. Ammara ce, wato nafsin nan mai yawan umarni da mummuna. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta shiga ƙirji, wanda bai horar da ransa ba zai nemo madadinsa a lungu. Nafsi kamar doki ce. Wanda ya taɓa ganin hawan sallah a Zariya ya san ba a kashe doki don yana da ƙarfi, linzami ake sa masa. Sha'awa da fushi da son nasara duk suna da amfani muddin kai ne a kan sirdi.

Wata kalmar ita ce, "Ni dai zuciyata fara ce." Ƙanwata, zuciyar da ta yi fari ba ta hana gaɓoɓi sallah, kuma ba ta jin daɗin yaɗa sirrin ƙawa a waya. Haka masu ɗora komai kan sammu da aljanu. Sihiri gaskiya ne, aljanu ma akwai su, amma da yawa daga abin da muke kai wa wajen masu ruƙya lalaci ne da son zuciya. Ya fi sauƙi ka ce an yi maka asiri da ka ce ni na ƙi tashi.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Ba duk nauyin ƙirji ne raunin imani ba. Wanda ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, yana jin gara ya mutu, rashin lafiya ke damunsa. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko wajen wani likita. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yi masa gori zalunci ne.

Akwai kuma abin da mu 'yan Kaduna bai kamata mu manta ba. An taɓa wucewa da gawa ta gaban Annabi, sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai gawar Bayahude ce. Ya ce, "Shin ba rai ba ne?" Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Garin nan ya ga abin da ya gani a rikicin addini na 2000 da 2002, har aka wayi gari kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Yawancinku ba a haife ku ba a lokacin, ko kuna goye. Ku sani, mai zuga ku ku ɗauki makami ba ruhinku yake wa magana ba, fushin nafsinku yake hura wa wuta, alhali Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane ne baki ɗaya.

Horon ba ya buƙatar kuɗi. Kafin ka kwanta ka ajiye waya, ka tambayi kanka abin da ka aikata tun safe, wa ka cuta, wace sallah ka yi wa riƙon sakainar kashi. Saurayin da bai samu halin aure ba, Annabi azumi ya nuna masa, to ga Litinin ga Alhamis. Ka duba su wa kake zama da su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sannan akwai addu'ar da Muslim ya ruwaito daga Zaidu ɗan Arƙam, inda Annabi ke roƙon Allah Ya ba nafsinsa taƙawarta, Ya tsarkake ta, domin Shi ne mafificin mai tsarkake ta. Gajera ce. Wanda bai iya ta ba ya tsaya bayan sallar magariba, limamin unguwarsu ya biya masa.